Can Suna Sauke Mota, Nan Muna Ɗaga Ta

A wannan makon zan yi magana a kan wata irin mota da ban taɓa ganinta a titin garinmu ba, sai dai a wayar yayana. Mota ce mai faɗi kamar kwaɗo ya yi shirin tsalle, cikinta kuma ya kusa taɓa ƙasa. Ba haka kamfani ya ƙero ta ba. Mai ita ne ya saye ta da kuɗinsa masu yawa, sannan ya kai ta gareji ya ce a yanka ta.

Ee, yanka na ce. Da farko ana cire tayoyinta na asali a sa waɗanda suka fi su faɗi. To taya mai faɗi ba ta shiga ƙarƙashin madigadi, leƙowa waje take yi. Sai a sa zarton lantarki a yanke bakin madigadin, a kawo wani sabo mai tudu wanda aka yi da faiba, a ɗaure shi a kai da ƙusoshi. Wasu ma ba sa ɓoye ƙusoshin, suna barin su a jere a waje kamar maɓallan riga. Bayan haka sai a canza sifirin da shokozoba a sa gajeru, motar ta sauka, har ya zama ko yatsa ɗaya ba zai shiga tsakanin taya da madigadi ba.

Asalin abin ba don kwalliya aka fara shi ba. Daga filin tseren motoci ya fito. Taya mai faɗi ta fi kama kwalta, don haka motar ba ta zamewa idan ta sha kwana a guje. Saukar da mota kuwa malamin kimiyya ya riga ya koya mana dalilinsa, ko da yake ba da mota ya ba mu misali ba: duk abin da nauyinsa ke ƙasa yana da wuyar kifewa. Ku tuna babbar mota da aka yi wa lodin buhuna har sama, yadda take tangaɗi a kwana, kowa ya matsa gefe. Motar tsere akasin haka ake so ta zama. Kamfanin Porsche na ƙasar Jamus ya fitar da motarsa 911 Turbo a 1975 da madigadin baya masu faɗi, kuma ƙanwarta ta tsere mai suna 935, wadda ta fi ta faɗi nesa ba kusa ba, ta ci gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa a 1979. Samari suka ga motocin tsere, suka ce su ma haka suke so tasu ta zama, ko da kasuwa kawai za su je da ita.

A yau mutanen Japan sun yi fice a wannan aiki. Har suna da kalmarsu ta motar da aka sauke ƙasa, wato shakotan. Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Akira Nakai, mai garejin RWB a yankin Ciba kusa da Tokiyo. Shi tsofaffin Porsche 911 ya fi yi wa aiki. Idan mutum yana so, ko a Amurka yake ko a Tailan, sai a aika masa da kayan tukuna, ya jira layi ya zo kansa, sannan Nakai ya hau jirgi ya je da kansa. Ba ya tura yaro. Yakan manna tef a jikin motar, ya ja layi, ya tsaya ya dube ta da ido, sai kawai ya kunna zarto. Mutane na tsaye a kewaye suna ɗaukar hoto, mai motar kuma na san gabansa faɗuwa yake yi, domin ƙarfen da aka yanke ba ya komawa yadda yake. Cikin 'yan kwanaki ya gama, kuma sau da yawa har suna yake raɗa wa motar.

Akwai kuma Wataru Kato, wanda ya kafa Liberty Walk a 1993. Shi ne ya jawo gardama a ajinmu. A 2023, a bikin baje kolin motoci na Tokiyo, ya nuna wata farar Ferrari F40 da ya yanka ya faɗaɗa. Ita wannan mota kimanin 1,300 kawai aka ƙera a duniya, daga 1987 zuwa 1992. Abokin zamana a benci ya ce wannan almubazzaranci ne, kamar mutum ya sami babbar riga ta gado mai aikin hannu ya sa almakashi ya mai da ita 'yar shara. Ni a kan wannan motar na goyi bayansa, domin ba za a ƙara yin wata ba. Amma da ya ce duk masu yin aikin 'yan ɓata mota ne, a nan muka raba gari.

Ba wai komai nasu nake so ba. Akwai masu karkatar da taya, samanta ya shige ciki, ƙasanta ya fito waje, kamar ƙafar mai gwame. Idan kaɗan ne, digiri biyu ko uku, yana taimaka wa motar tsere a kwana. Amma wasu sukan kai digiri goma ko fiye don kawai a kalle su. A lokacin gefen ciki na tayar ne kaɗai ke taɓa ƙasa. Taya ta cinye da wuri, birki ya rage ƙarfi. An sayo taya mai faɗi don ta kama titi, an kuma karkatar da ita yadda ba za ta kama ba. Wannan kam ban ga hikimarsa ba, kuma ba zan so irin wannan mota ta biyo ta ƙofar makarantarmu lokacin tashi ba.

Ranar wata Asabar na kai wa kawuna wayar ya gani. Kawu mai gyaran jikin mota ne, shekara da shekaru yana buga ƙarfe yana shafa foti. Ya kalli bidiyon Nakai har ƙarshe bai ce uffan ba. Da ya ƙare ya ce, “Maido min baya, wurin da ya ja layin nan.” Na maido. Ya ce, “Wannan ya san aiki. Dubi hannunsa, ko rawa ba ya yi.”

Na ce, “Kawu, za ka iya?”

Ya yi dariya. “Iyawa ba ita ce matsala ba, ɗana. Wa zai kawo? Mu nan ɗaga mota ake kawo mana. Can suna saukewa, nan muna ɗagawa.”

Gaskiya ya faɗa. Direbobin da ke zuwa ƙauye ranar kasuwa ƙara wa sifirin ƙarfi suke sa a yi, saboda lodi da ramuka. Ku auna tudun rage gudu da ke gaban makarantarmu a ranku, sannan ku auna motar da cikinta bai wuce tsawon ɗan yatsa daga ƙasa ba. A kai za ta zauna kamar kaza a kan ƙwai, salansa ya tsinke, bamba ta fashe. Balle damina ta sauka. Na gaya wa Kawu cewa masu kuɗin cikinsu suna sa jakunkunan roba masu iska a madadin sifirin, a danna maɓalli mota ta tashi, a sake dannawa ta kwanta. Ya ce to ranar da ƙaya ko tsakuwa ta huda jakar a hanyar ƙauye, sai a nemo jaki.

Abin da ya tsaya min a rai bayan na dawo gida ba motocin ba ne. Kayan aikin Nakai da na Kawu kusan iri ɗaya ne: zarto, tef, abin huda ƙarfe, da ido mai gane karkata. Shi ana biya masa kuɗin jirgi, ana neman ya sa hannu a jikin mota. Kawu kuwa na sha ganin ya miƙar da ƙofar da tirela ta murƙushe har ba ka gane an taɓa bugunta, mai motar ya zo yana ta neman ragi, ko sannu babu. A ajinmu ma idan aka tambayi abin da kowa yake so ya zama, likita da lauya da matuƙin jirgi ake ji. Da na ce ina son aikin jikin mota, dariya aka yi, wani ya ce ai wannan aikin wanda ya kasa karatu ne. To ni dai na ga ana auna santimita, ana lissafin digiri, ana sanin inda nauyi yake, kuma duk a aji aka fara koya mana su. Wanda bai iya lissafi ba, idan ya yanke madigadin dama ba zai yi daidai da na hagu ba.

Kawu ya yarda in riƙa zuwa gareji a hutu mai zuwa, da sharaɗin sakamakon jarrabawata ya yi kyau, kuma ba zan taɓa zarto ba tukuna, sai riƙe tef da goge foti. Kafin nan na yi tawa motar da gwangwanin madara. Tayoyin na yanko su daga tsohon silifa, na haɗa biyu-biyu don su yi faɗi, madigadin kuma na lanƙwasa su da filaya na ɗaure da waya. Tana gudu sosai a kan simintin baranda, amma a tsakar gida ko ƙaramar tsakuwa tsayar da ita take yi. Zan kawo ta taron ƙungiyar 'yan jarida ranar Alhamis bayan tashi. Wanda yake da motar gwangwani mai tsayi ya zo da tasa, mu sake su a gangaren bayan ɗakin karatu, mu ga wadda za ta fara kifewa a kwana.