BABUR MAI TABO

Na san wata za ta ga kan wannan magana ta ce ina ruwan mace da babur, ai zancen maza ne. To 'yar uwa, tsaya ki ƙirga baburan da ke unguwarku, ki tambayi kanki da kuɗin wa aka saye su. Daga Birnin Kudu har Gwaram, da wuya ki shiga layi ba ki sami babur ɗin da kwasar adashin wata ce ta saye shi ba, ko ɗan kunnenta na gwal, ko tumakin da ta yi shekaru tana kiwo. Ke ce kuma za a ɗora a bayansa da goyo ranar awo ko ranar biki. Ga kuɗinki ga ranki a kai, amma ranar ciniki sai a ce ki yi shiru.

Sabon babur ya fi ƙarfin talaka, domin kuwa a 2024 sabon Bajaj Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, shi ya sa kowa ya koma neman na hannu. Na hannun kuwa sun yi yawa a ƙasarmu tun da aka hana acaɓa a birnin Kano a 2013, aka kuma ƙara tsananta hanin a Legas a 2022, samarinmu suka riƙa dawowa gida da baburansu. A cikinsu akwai lafiyayyu, akwai kuma waɗanda suka sha karo, aka miƙe su a wajen mai walda, aka shafe su da fenti sai ƙyalli suke.

Lokacin da ƙanena ya matsa yana son babur ya riƙa haya, ni na ɗauki nauyin fiye da rabin kuɗin daga cinikin littafina. Sharaɗi ɗaya na kafa masa. Na ce, "Ka tafi da bakaniken da mu za mu biya shi, kada ka yarda da wanda dillali zai kawo. Sannan ba za a ba da ko kwabo ba sai an kawo shi ƙofar gida na gani." Ya ɓata rai ya ce, "Haba Yaya, me kika sani a babur?" Na ce, "Ban san babur ba, amma na san wahalar da na sha kafin na tara kuɗin."

Guda biyu suka samo. Na farko a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ja jawur, dillali na ta rantsuwa bai taɓa ko faɗuwa ba. Bakaniken bai tanka masa ba, ya cire kujera, ya ɗage tanki, sai ga ɗinkin walda a wuyan ƙarfen da ke riƙe da babur ɗin gaba ɗaya, an goge an bi da baƙin fenti. Na biyu wani dattijo ne a nan Birnin Kudu ke sayarwa, duk ya koɗe, tankin da lotsawa. Tun kafin a tambaye shi ya ce ɗansa ya taɓa karo da saniya da shi a hanyar Babaldu, ƙafafun gaba suka lanƙwashe aka sa sababbi, ya nuna shagon da aka yi aikin. Da aka kawo shi zaure na gaishe shi na ce, "Baba, ban da gaban, akwai inda aka taɓa?" Ya ce, "'Yata, ku kwance shi ku duba, in kun ga walda ku bar mini abina." Aka duba ba a gani ba. Shi muka saya, ya kuma yi mana ragi saboda tabon.

Ga abin da bakaniken nan ya koya mini, na ga ya kamata ke ma ki sani. Fitila, madubi, tanki, ƙafafun gaba da wili, duk ana sauya su babur ya dawo daidai. Amma in ƙarfen jikinsa ya karye ko ya murɗe, ko an miƙe shi ba ya komawa yadda kamfani ya yi shi, wata rana da kaya a kai, a cikin rami, nan ɗinkin zai buɗe. Ki sa a tuƙa shi a miƙe a kan rairayi, ki dubi sawun. In tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, akwai magana. Ki dubi tayar gaba ko gefe ɗaya ta cinye. A sassauta hannu kaɗan ana tafiya a ga ko yana ja hagu ko dama. Fenti sabo a wuri ɗaya tak, shi ma abin tambaya ne. Sai a gwada lambar inji da ta jikin ƙarfen da abin da ke rubuce a rasit, in an kankare lamba kuwa ku gudu, kada ku sayi na sata ku kwana wajen 'yan sanda.

Ba tsoro nake ba ki haka kawai ba. Wata maƙwabciyarmu gadon mahaifinta ta ba maigidanta ya sayo babur mai ƙyalli. Wata huɗu wuyan ya ɓalle da shi ya ɗauko buhun masara. Ya yi watanni a kwance wajen mai ɗori, babur ya koma hannun 'yan gwangwan, ita kuwa ta koma dakau don yara su ci. Da suka nemi dillalin sai ya ce ai gani suka yi suka saya.

Alhali addini bai bar mu haka ba. Duk wadda ta zauna gaban malama a Islamiyya aka karanta babin ciniki a Risala, ta ji cewa ɓoye aibin kaya algus ne kuma haramun ne, wanda aka ɓoye wa yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Sai dai hakki ba ya karɓuwa ba shaida. Saboda haka a rubuta takarda, a sa abin da mai sayarwa ya faɗa game da hatsari da gyara, shaidu biyu su sa hannu, in da hali a gaban mai unguwa. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Wanda ya hau faɗa don an ce a rubuta, ku tattara kuɗinku ku bar masa kayansa.

Kada kuma ki ce na ce ki ɗaga wa maigida murya. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki kawo maganar da ladabi, ki ce tsoron lafiyarsa ne ya sa, kuɗin bakaniken ma ke za ki biya. Namijin kirki zai gane, domin shi ne a gaba in abin ya zo.

Allah Ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu a kan hanya, Ya sa wa ɗan abin da muke tarawa albarka, amin.