Daga Gaɓar Teku Zuwa Duwatsun Atlas a Mota Mai Ɗaki

Wanda ya bi ƙasar Maroko a mota mai ɗaki, wato irin motar nan da ke ɗauke da gado da murhu da tankin ruwa, ba ya neman masauki. Inda dare ya riske shi, nan ne gidansa. Da irinta muka tashi daga Sawira, garin iska da shuɗɗan kwalekwalen masunta, muka nufi kudu.

Daga Sawira zuwa Agadir tafiyar kilomita 170 ce da ɗoriya. Hanya takan ratsa tuddai masu itatuwan argan, waɗanda mata ke fasa ƙwallonsu su fitar da mai, sa'an nan ta gangara gaɓar Tekun Atilantika, igiyar ruwa a dama, dutse a hagu. Agadir kuwa sabon gari ne, domin girgizar ƙasa ta 1960 ta rushe tsohon.

Daga nan muka juya gabas zuwa Tarudant mai ganuwar ƙasa, muka kama hawan Atlas ta mashigin Tizi n'Test, wanda bisansa ya kusa mita 2,100. Hanya ce siririya mai yawan lanƙwasa, kuma mota mai nauyi ba ta gangara ta sai da ƙaramar giya, don kada birki ya yi zafi.

Bayan mashigin muka tarar da abin da ya fi tsaya mana a rai. A daren 8 ga Satumba 2023 girgizar ƙasa ta auka wa wannan yanki, ta kashe mutum kusan 3,000. Masallacin Tinmel, wanda Almuwahhidun suka gina a ƙarni na 12, shi ma ya zube. Mu da ke jan gidanmu bisa taya, muka riƙa wucewa ta gaban mutanen da nasu ya koma tarin ƙasa.

A nan ne illar mota mai ɗaki take: mai ita yana da guzurinsa, yana iya kallon duwatsun mutane ya wuce bai bar musu ko dirhami ba. Saboda haka, ya mai karatu, in Allah ya kai ka, kada ka cika mota da kayan kantin Agadir. Tsaya a ƙauyuka ka sayi burodi da zuma da man zaitun, ka yi sallama, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.