Legas, Wurin Masu Riƙe da Makullan Banki

Motar dare na hau daga Sabon Gari a Kano. Muka bi Zariya da Kaduna, muka ratsa Abuja, muka tsallake Kogin Kwara kafin Lokoja, sannan Okene da Ibadan. Ƙanena ne na je gani, wanda a gida kowa ke cewa "yana aikin banki a Legas", amma babu mai iya faɗin abin da yake yi. Ba ya ƙirga kuɗi, ba ya ba da rance, ko kanta bai taɓa zama ba.

Ofishinsu yana Victoria Island, bayan an sauko daga doguwar gadar Third Mainland. Iyakata ɗakin baƙi. Aka rubuta sunana, aka rataya mini kati, ya sauko ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, benenmu ko ma'aikacin banki ba ya hawa sai an buɗe masa." Hakan ya burge ni.

Sai da dare, a ɗakinsa na Agege, kusa da unguwar Hausawa, ya buɗe kwamfutarsa ta gwaji ya nuna mini sana'ar. A kowane banki akwai asusun kwamfuta na manya, waɗanda mai riƙe da su zai iya buɗe rumbun bayanan kwastomomi, ya ƙirƙiro sabon ma'aikaci, ko ya goge sawun abin da ya aikata. Aikinsa shi ne kada kalmar sirrin irin wannan asusu ta zauna a kan kowa. Suna kulle ta a wata taska, ta manhaja irin su CyberArk ko BeyondTrust. Na ga ya nemi izinin shiga, ya rubuta dalili da lambar aikin, allon ya tsaya yana jiran amincewar mutum na biyu. Da aka amince, ƙofa ta buɗe na awa ɗaya, wani ɗan jan ɗigo na ƙyaftawa a kusurwa, alamar ana naɗar duk abin da ya taɓa. Yana fita, kalmar sirrin ta canza kanta. Shi kansa bai gan ta ba. Kamar yaron shago ne a Kantin Kwari da ake miƙa wa makullin sito ya ɗauko dila ɗaya, yana dawowa a sauya kwaɗon.

Na ce masa wannan ai rashin yarda da mutane ne. Ya ce a'a, kariya ce gare su: ranar da kuɗi suka ɓace, naɗin nan ne zai wanke mai gaskiya. Daga nan ya kawo labarin Babban Bankin Bangladesh, wanda ya ce kowane mai wannan aiki ya haddace. A watan Fabrairun 2016 'yan kutse suka yi amfani da bayanan shiga da suka sace na ma'aikatan da ke aika saƙon SWIFT, wato hanyar da bankuna ke tura wa juna umarnin biyan kuɗi, suka tura wa Babban Bankin Amurka reshen New York umarni 35 na kusan dala biliyan 1. Sun zaɓi daren Alhamis, don Juma'a hutu ce a Dhaka, babban birnin Bangladesh, Asabar da Lahadi kuma hutu a New York. Na'urar da ke buga takardun saƙonnin a bankin na Bangladesh ta ƙi aiki. Dala miliyan 81 suka faɗa wani banki a Manila. Wasu miliyan 20 da aka nufa Sri Lanka da su an tare su, saboda ɓarayin sun yi kuskuren rubutu a sunan gidauniyar da za ta karɓa. Ba a fasa ƙofa ko ɗaya ba, da makulli aka shiga.

A nan gida, Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin tsaron intanet a 2018, waɗanda suka wajabta wa kowane banki naɗa shugaban tsaron bayanai. A ƙarƙashin irin wannan shugaba ƙanena yake. Ya fara ne daga teburin taimako, yana sabunta wa ma'aikata kalmar sirrin da suka manta. Da dare ya koyi Linux da Active Directory, ya ci jarrabawar CyberArk ta matakin Defender, yanzu yana karatun jarrabawar CISSP. Abin da ya fi wahala, in ji shi, ba na'ura ba ce. Shi ne ka dubi babban manaja, sa'an mahaifinka, ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan izinin sai dai na awa biyu." Na daɗe ina tunanin wannan magana, domin mu an tashe mu da kunyar manya, kuma aikin na bukatar ladabi da taurin rai a lokaci guda.

Wajen ƙarfe biyu na dare wayarsa ta yi ƙara: wani asusu ya yi yunƙurin shiga daga inda bai saba ba. Ya tashi ya rufe asusun, ya kira mai shi, ya rubuta rahoto. Da asuba na bar shi a kan kwamfuta, na nufi masallacin unguwa, daga can na wuce tasha neman motar Kano.