Mota Mai Dangi

Ni akawu ne, ɗan akawu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a En'e ta Zazzau har zuwa 1976, sa'ad da aka yi gyaran ƙananan hukumomi, ni kuwa na gaji alƙalaminsa. Ilmina bai wuce na allo da na firamare ba, sai abin da zaman duniya ya ƙara mini. Ina zaune a Unguwar Rimi, nan Kaduna, amma ba a cikin manyan gidajen nan masu dogayen katangu ba. Gidan da nake haya yana can wajen kasuwa. Abin da zan ba ku labarinsa ya same ni ne a 2022, shekarar da na ƙudura sayen mota.

Shekara bakwai na yi ina tari. Na shiga adashi, na yi kiwon bijimai biyu na sayar, har kuɗi suka taru. Ba kuwa don nishaɗi na so motar ba. Mahaifiyata ta tsufa, tana ƙauyenmu can bayan Soba, kowane wata sai an kai ta asibitin Shika ganin likita. Ga kuma yara biyar da ke zuwa makaranta.

To, amma wanda ke zaune a Unguwar Rimi idonsa ba ya hutawa da ganin motoci. Wata rana da la'asar, lokacin da ake wasan folo a Dandalin Murtala, na ga wata jar mota ta taho tana ruri kamar zaki, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Aka ce mini sunanta Ferrari, daga Italiya ta fito. Da ta iso ɗan tudun nan da ake ginawa a titi don rage gudu, sai na ga direban ya karkata ta, yana haurawa da ƙafa ɗai-ɗai kamar hawainiya. Mutane suka yi ta dariya, amma ba wanda ya ɗauke ido. Ni ma na yi dariyar, na kuwa tafi gida da wani abu a zuciyata wanda ban san ya shiga ba.

Ba a yi wata guda ba sai wani dillali ya kai ni inda ake sayar da motoci 'yan Kwatano. Ya nuna mini Toyota Corolla, ya nuna mini Peugeot 406, sa'an nan ya ja ni can ƙurya, ya yaye wani tamfol. Sai ga wata baƙar mota tana sheƙi, kujerunta na fata, ba kuwa a gindin sitiyari ake sa mata makulli ba, sai a tsakanin kujerun gaba, kusa da birkin hannu. Sunanta Saab, ƙirar ƙasar Suwidin. Kamfanin da ya yi ta da jiragen sama ya fara, tun 1937, sai a 1949 ya shiga ƙera motoci. Abin mamaki kuma, kuɗinta bai kai na Corolla ba.

Dillali ya ce, "Yallaɓai, in ka zaga Kaduna duka ka ga irinta uku, ka dawo in mayar maka da kuɗinka."

Wannan magana ita ta kama ni. Ba zan ɓoye muku ba, a daren nan ban tuna da tsohuwa ba, ban tuna da hanyar Soba ba. Abin da nake gani kawai shi ne ƙofar ofishinmu, da ni ina fitowa daga motar da ba wanda ya taɓa ganin irinta, ana tambaya, "Ta wane ne wannan?"

Da na gaya wa uwargida, ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "Malam, in ta fi su kyau haka, me ya sa ta fi su araha?" Na buɗe baki, na rasa amsa, na ce mata ba ta san sha'anin mota ba.

Kashegari na ɗauki wani tsohon makanike na unguwarmu, wanda ya yi aiki a masana'antar Peugeot ta Kakuri da ƙuruciyarsa, na kai shi ya duba mini. Ya ta da injin, ya kasa kunne, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya share hannu. Ya ce, "Malam, motar nan ba ta da laifi ko kaɗan, waɗanda suka yi ta sun san aiki. Amma wa ta sani a garin nan?"

Na ce, "Baba, mota kuma da sanin mutane?"

Ya ce, "Rubuta abu uku: fitilar gaba, famfon ruwa, gilashin gaba. Tafi Panteka ka tambayo kuɗinsu, na wannan da na waɗancan biyun. In ka komo sai mu yi magana."

Na tafi. Kayan 406 da na Corolla, kafin in rufe baki an tara mini su a gaba, sababbi da tsofaffi, wannan yana ragi, wancan yana ja mini riga. Da na ambaci Saab kuwa, sai aka yi ta tura ni daga rumfa zuwa rumfa. Daga bisani wani ya ce zai yi wa ɗan'uwansa waya a kasuwar Ladipo ta Ikko, in an dace mako biyu, in ba a dace ba sai an aiko daga Turai, da kuɗin Turai. A nan ne na ji cewa kamfanin motar ya karye tun watan Disamba na 2011, watau yanzu ba a haifo mata ƙanne.

Sa'an nan na gane nufin tsohon. Mota ba ita kaɗai ake saye ba, har da danginta. Danginta su ne makanikan da suka saba da cikinta, da 'yan kasuwar da ke ajiye kayanta, da 'yan'uwanta da suka mutu aka ajiye su ana cirar kayansu don a rayar da masu rai. Tun 1975 aka fara harhaɗa 504 a Kakuri, aka yi ta yi har 2006, 406 kuma a nan ita ma aka harhaɗa ta. Saboda haka da wuya ka sami garin da ke bakin titi a ƙasar Hausa wanda ba shi da mai gyaran Peugeot. Corolla kuwa tun 1966 ake yin ta, zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya. Waɗannan su ne masu dangi. Tawa baƙuwa ce, ba uwa ba uba.

Kada ku ce ina zagin abin da ba shi da yawa. Akwai mutanen da ƙarancin abu shi ne ainihin abin da suke saye. A Faransa an ƙera wata mota, Bugatti Veyron, daga 2005 zuwa 2015, guda 450 tak aka yi don duniya duka, tana kuwa iya wuce kilomita 400 a sa'a. Wanda ya sayi irin wannan ya san ba ta da dangi, hasali ma don haka ya saye ta. Amma fa yana da waɗansu motoci a gida. In ta kwanta wata shida ana jiran kaya, ba ɗansa da zai rasa makaranta, ba uwarsa da za ta rasa likita. A wurin irinsu, ƙarancin mota yakan ɗaga darajarta. A wurin irina, masu mota guda, ƙarancinta shi ke karya kuɗinta, don kowa yana gudun ranar da za ta tsaya, ranar sayarwa kuma ba mai taya. Amsar tambayar uwargida ke nan, wadda na ce ba ta san sha'anin mota ba.

Na tuna kuma da mahaifina. Ya taɓa gaya mini cewa da ya fara ɗaukar albashi an yi masa tayin wani kyakkyawan doki da araha, ya ƙi, ya sayi keken Raleigh. Abokansa suka yi masa ba'a. Ya ce musu doki ko an hau ko ba a hau ba sai ya ci dawa, shi kuwa ba shi da barga. Da ina yaro na ɗauka rowa ce. Ashe abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Na sayi 406, na ajiye ragowar kuɗi don gyara. Na ji kunyar komawa wurin dillali, amma na daure.

Cikin watan Agusta na 2023 aka aiko mini da dare cewa jikin tsohuwa ya tashi. Na ɗauko ta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kusa da Maigana, saboda gaggawata, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, ƙafar gaba ta karye. Na tsaya cikin duhu, tsohuwa tana nishi a baya. Wani mai shayi ya taso mini da makaniken garin, yaro matashi. Ya haska tocila ya duba, ya tafi bayan rumfarsa inda wata matacciyar 406 ke kwance, ya kwanto abin da ya karye ya ɗaura mini. Kafin asuba muna Shika. Duk tsawon hanyar ina tambayar kaina, da baƙuwar nan ce, wa zan tasa a Maigana da tsakar dare?

Baƙar motar kuwa wani mai hali ya saye ta, yana da waɗansu biyu a gida. Nakan gan ta jifa-jifa ran Juma'a, har yanzu kuma in ta wuce sai na bi ta da kallo, zuciyata ta ɗan motsa. Ban ga laifinsa ba. Shi ya sayi abin da zai iya riƙewa, ni ma haka.

To, 'yan'uwana masu karatu, ko mota ce, ko babur, ko keken ɗinki, ko injin ban ruwa, kafin ku miƙa kuɗi ku tambayi kanku abu uku. In ya lalace, wa zai gyara? Kayansa, kwana nawa kafin a samu? Kafin a samu ɗin, wa zai sha wahala a gidana? In amsar ta yi muku daɗi, ku saya, ko da ku kaɗai ke da irinsa a lardi. In ba ta yi ba, ku tuna kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Allah ya ba mu wadar zuci, ya sa mu san gwargwadon kanmu, amin.