Saiwar Haƙori da Magagarin Likita

A Malanville, bakin Kogin Kwara, inda gada ta haɗa Benin da Gaya ta ƙasar Nijar, mai ciwon haƙori ya saba da magani ɗaya, wato a cire. Amma akwai wata hanya, wadda mai hali yakan bi mota fiye da kilomita 300 zuwa Paraku dominta. Likita ya huda haƙorin, ya fitar da ruɓaɓɓiyar jijiya, ya share ramin da ke cikin saiwa, ya cike shi, haƙori ya zauna a wurinsa.

Wuyar aikin tana wajen share ramin nan. Siriri ne ƙwarai, Mahalicci kuwa bai yi shi a miƙe ba. A matauni sau da yawa a lanƙwashe yake. Da ɗan magagari mai kama da allura ake faɗaɗa shi. Na da, na ƙarfe mai tauri ne, kullum so yake ya miƙe, sai ya ci gefe ɗaya fiye da ɗaya. Inda bangon saiwa ya sirance, nan nauyin tauna yake taruwa, kamar tulun da maginiya ta kankare wa gefe. A 1988 masana a Amurka suka gwada magagari na nikel da taitaniyam, mai bin lanƙwasar ramin. Yau inji ne yake juya shi. Duk da haka ba a rabu da Bukar ba, domin mai kaurin jiki yakan ɗebe da yawa, abin da aka ɗebe kuwa ba ya tohowa.

Wani dattijon ikilisiya, mai fataucin albasa, ya yi wannan tafiya. Likita ya yi aikinsa da kyau, ya ce masa, "Baba, sai ka dawo a sa wa haƙorin nan hula, gama yanzu ba shi da ƙarfin da." Da ciwo ya lafa, sai kuɗin hula ya tafi makarantar yara, ba kuwa mai ganin laifinsa. Ran bikin Kirsimeti yana tauna ƙashin rago ya ji ƙas. Saiwar ta tsage tun daga sama har ƙasa, irin tsagewar da ba ta ɗinkuwa. Bayan sati biyu dasashi ya kumbura, aka cire haƙorin.