Abin da keken Gwaggo ya koya wa malamar lakwal

A gidajenmu da yawa, ɗinki ya zama abin tsoratar da yara. Uba zai dubi makin ɗansa, ya girgiza kai ya ce: "In ka sake faɗuwa bana, wurin tela zan kai ka." Uwa kuma ta ce wa ɗiyarta: "Ci gaba da wasa, ƙarshenta keke za a saya miki ki zauna gida." Yaro na jin haka sai ya ɗauka cewa allura da zare hukunci ne, rabon wanda kansa ba ya ɗaukar karatu. Ni malamar lakwal ce a Maraɗi, na shekara goma sha bakwai ina riƙe da alli, kuma shekara biyu ke nan da na fara koyon ɗinki a gida. Abin da na gani a cikin shekaru biyun nan ya sa nake roƙon iyaye da ƴan uwana malamai mu bar wannan magana.

Keken na ƙanwar mahaifina ne, Butterfly baƙi na ƙafa, irin wanda kusan kowace unguwa ba ta rasa shi. Idon Gwaggo ya yi rauni, ba ta iya zura zare, sai ta sa aka kawo shi gidana a farkon babban hutu. Sharaɗinta ɗaya ne: kada a lulluɓe shi da zane a ɗora masa kwanoni. Na ce mata: "Gwaggo, ai ni ban taɓa hawa keke ba." Ta ce: "To, ɗiyata, ke da ke koya wa ƴaƴan mutane, yanzu sai ki zauna a koya miki."

Sati biyun farko ba ta bar ni na taɓa keken ba. Allurar hannu ta ba ni, da ƙyallayen tsohon zane. Na koyi ƙulla bakin zare, da ɗinkin da ke tafiya gaba, da wanda ke komawa baya don ya yi ƙarfi, da kalmasa, da ɗaura maɓalli, da maho. Hujjarta ita ce, wanda bai san yadda zare ke kama yadi da hannunsa ba, ba zai gane abin da keke ke yi masa ba. Ta kan karɓi ƙyallen ta shafa da yatsa, tunda ido ba ya gani sosai, ta ce: "Nan kin ja da ƙarfi, nan kuma kin saki." Sai in farke in sake. Farkewa a wurin mai ɗinki kamar goge allo ne a wurin ɗan makaranta, cikin aikin take.

Da muka zo kan keke, nan ma ba a fara da yadi ba. Kwana uku ƙafa kawai nake koyo, ba zare, ba allura. Keken ƙafa yana da hali: dole ƙafafunsa su juya ta gefe ɗaya, wato ƙaramar ƙafar da ke sama ta riƙa juyowa wajen mai ɗinki. Da ta koma baya, zare ya tsinke ko ya cukurkuɗe. Sai an ba ta hannu ta tashi, sannan sawu ya karɓa, diddige da yatsu suna musayar taki. Bayan haka aka sa allura, har yanzu ba zare, aka ba ni takardun tsofaffin kaye na ɗalibai. Aikina in bi layin takarda, allura na huda shi daga sama har ƙasa. In an ɗaga takardar ga haske, ramukan su ne shaida, ba gardama. Daga miƙaƙƙen layi muka koma kusurwa, daga kusurwa muka koma da'ira. Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin CI ya san wannan tsari, don haka muke fara rubutu: sanda, ƙugiya, zagaye, kafin a kai ga baƙi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda keken ke ɗinki. Zare biyu ne ke aiki. Ɗaya yana saukowa daga sama ta idon allura, ɗaya yana ƙasa a naɗe cikin kwarkwaro. Allura ta huda yadi ta sauka, da ta fara ɗagowa sai zarenta ya yi ɗan lanƙwasa, wani ƙarfe mai baki ya kama lanƙwasar ya zagaya da ita bayan kwarkwaro, zaren biyu su sarƙe. Haƙoran da ke ƙarƙashi su ja yadin gaba kaɗan, a sake. In ƙarfin zaren biyu ya daidaita, sarƙewar tana ɓuya a tsakiyar yadi. In ka juya ɗinki ka ga zare ya yi tsumma a ƙasa, yawanci matsalar daga zaren sama take: ko ya yi sako-sako, ko bai bi hanyarsa daidai ba. Allura ma tana da lamba. Ta 70 ko 80 ta yadi marar nauyi ce, ta 90 ta dace da atamfa, ta 100 kuma ta yadi mai kauri. Ka ga ke nan mai keke kullum cikin bincike yake: ya ga alama, ya yi zato, ya canza abu ɗaya, ya gwada a kan ƙyalle, ya duba. Wannan ita ce hanyar da muke wahalar cusa wa yara a darasin kimiyya.

Amma inda na tabbatar cewa ɗinki aikin ƙwaƙwalwa ne shi ne wurin awo da yanka. Ɗinki in ya karkace ana farkewa, almakashi kuwa in ya wuce ya wuce. Turmin atamfa yadi shida ne, zane uku ke nan, kuma yadi ɗaya ya ɗan haura santimeta 91. Kafin ka yanka sai ka san abin da zai fita a ciki: riga, zane, ɗankwali, da inda zanen furen zai faɗa don kada ya tsaya a kife. In yadin auduga ne sai a wanke shi tukuna, don yana tsukewa. Rigar ƙaramar ɗiyata ita ce ta farko da na yanka. Ƙirjinta santimeta 68 ne. Tunda riga gaba da baya ce, kuma kowane ɓangare a ninke ake yanka shi, sai a raba huɗu, ya ba da 17. A ƙara 2 don ta samu sakewa, a ƙara 1,5 na abin da ɗinki zai ci, ya zama 20,5. Ga rabawa, ga tarawa, ga lamba mai waƙafi, duk a rigar yarinya ɗaya. Da na zo kan siket mai buɗewa kamar lema, sai ga lissafin da'ira na ajin CM2 ya fito ƙarara. In ƙugu 60 ne, sai a raba shi da 6,28, wato 3,14 sau biyu, a samu wajen 9,5. Da wannan tsawon ake zana bakin ƙugun daga kusurwar yadin da aka ninka huɗu.

Gwaggo ba ta taɓa shiga lakwal ba, ba ta san 3,14 ba. Da taƙi da kamu take awo, da kuma igiya. Ta kan zagaya igiya a ƙirjin yaro, ta ƙulle inda ta tsaya, ta ninka biyu, ta sake ninkawa, ta ɗora a kan yadi ta ƙara yatsa biyu. Da na gwada nata da igiyar awon teloli, bambancin bai kai santimeta ɗaya ba. Na ce: "Gwaggo, kin san wannan shi ne kashi ɗaya cikin huɗu da nake fama da yara a kansa?" Ta yi dariya ta ce: "Ku ne kuka sa masa suna, ɗiyata. Mu dai mun san in ba a ninka daidai ba, riga ba ta shiga."

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, na shiga aji da ƙullin igiyoyi. Kowane yaro ya auna ƙugun maƙwabcinsa, ya ninka biyu, ya ninka huɗu, sannan ya gwada da santimeta ya rubuta a allo. Yaran da suka saba sunkuyar da kai in an zo darasin kaso su ne suka riga kowa gamawa. Akwai wani da ke zuwa shagon yayansa tela bayan an tashi. Ranar nan shi ya zagaya yana gyara wa na gaban aji. Tun daga lokacin hannunsa ya fara tashi in na yi tambaya. Ilimin yana kansa tun da daɗewa, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da yake yi a shago lissafi ne.

Raina allura ma baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Malamai da almajiransu da yawa da ɗinkin hula da aikin babbar riga suka riƙe kansu, allo a gefe, allura a hannu. Aska biyu da aska takwas da ke ƙirjin rigunan manya, maza ne suka zauna suka fitar da su da hannu, wata da watanni, ba wanda ya ce musu marasa kai. A Faransa, mutumin da ya samu takardar mallakar keken ɗinki a 1830, Timoniye, shi kansa tela ne. A nan gida kuma, Alphadi ya tara masu zanen tufafi na duniya a hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998, wurin bikin FIMA na farko. Ba cewa nake kowane yaro zai zama Alphadi ba. Cewa nake sana'ar da ke da wannan zurfi ba juji ba ce da za a riƙa zubar da wanda aka fid da rai da shi.

A tsarin karatunmu na firamare akwai darasin ayyukan hannu, APP. Malamai mun san yadda yake ƙarewa a wurare da yawa: shara, ɗiban ruwa, ko a cinye lokacinsa da bitar jarrabawa. Uzurin kullum shi ne babu kayan aiki. Gaskiya ne babu keke, amma ɗinkin hannu ba ya bukatar keke. Allurai, zare, da ƙyallayen da teloli ke sharewa kowace yamma sun isa aji guda ya koyi ɗaura maɓalli, ya ɗinka jakar allo. Ga kuma iyaye mata da kakanni a unguwa waɗanda za su ji daɗi a gayyace su su nuna abin da suka iya. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM suna nan, suna aikinsu, amma yaron da aka kai can bayan an shekara shida ana yi masa barazana da su, da karyayyar zuciya yake shiga.

A gida kuwa, amfanin ya fi fitowa a gyara, ba a sabon ɗinki ba. Wandon da hantsarsa ta farke, rigar da hammatarta ta buɗe, ƙubakar da ta saki, jakar makarantar da hannunta ya cire, kayan gwanjon da suka yi wa yaro yawa: a da waɗannan ko su yi sati a shago suna jiran layi, ko a jefar da su cikin kwando. Yanzu bayan sallar isha'i nake gama su, kuma keken ƙafa bai damu da ko akwai wuta ko babu ba, fitila ta isa. Kuɗin da ke saura ba dukiya ba ce, amma ga mai albashin malami, kowace dala tana da wurin zuwa. Abin da keken ke nema kaɗan ne: ɗigon mai, da share ƙurar da ke taruwa a ƙarƙashin haƙora, musamman lokacin hunturu.

Wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko ba cin abincin teloli nake yi ba. Kayan Salla da na biki har gobe wurin tela nake kai su, don abin da ya shekara ashirin yana yi ba zan kamo shi a hutu biyu ba. Abin da ya canza shi ne yadda nake kallonsa. Na san abin da ke cikin haɗa hannun riga ya zauna a kafaɗa ba tare da ya tattare ba, don haka in ya faɗi kuɗinsa ba na ja da shi kamar da ƙyar ya taɓa yadin.

Ga iyayen da ke son farawa, kada rashin keke ya tsayar da ku. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas zai iya riƙe allura in babba na kusa, kuma a ajiye allurai inda ƙanana ba sa kaiwa. A fara da abin da zai yi amfani da shi gobe: maɓallin rigarsa, rigar matashinsa, jakar littattafansa. A bar shi ya auna da kansa, ya rubuta lambobin, ya yi lissafin kafin a ba shi almakashi. A koya wa namiji kamar yadda ake koya wa mace, don ɗan da zai tafi jami'a a Yamai ko Damagaram ba da uwarsa zai tafi ba. In ɗinkin ya karkace kada a karɓe a yi masa, a nuna masa inda zai farke. Kuma kada a jira sai ya faɗi jarrabawa. A ba shi allurar tun yana na ɗaya a aji, a ranar da ake murna da shi, don ya san kyauta ce aka yi masa.