Kwana Uku a Kpalime, Ba Saye Ba Sayarwa

Shekara talatin da ɗoriya ina zirga-zirga tsakanin Makola da Lome, amma da za a tambaye ni abin da na sani a ƙasar Togo, amsata ba za ta wuce uku ba: bakin iyakar Aflao, layin masu atamfa a kasuwar Asigame, da bencin da nake zama in ƙirga sefa. Da asuba nake barin Nima, kafin isha'i na dawo da dila biyu ko uku. Teku na hannun dama in za mu, yana hagu in za mu dawo, amma ban taɓa ce wa direba ya tsaya in kalle shi ba.

Autanmu da ke Jamus ne ya tayar da maganar. Ya aiko da kuɗi, ya kuma gindaya sharaɗi: kada sisi ya shiga jari, mu je mu huta ni da babansa. Na ce hutu ai sai kabari. Alhaji kuwa ko musu bai yi ba, ya ce Kpalime za mu, don tun yana yaron mota ya taɓa ratsa garin, duwatsun wurin ba su fita daga ransa ba. Ya kai tsohuwar Corolla ɗinsa wurin makaniki, ya haɗa takardu: katin shaidarmu, katin allurar shawara, inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, da takardun mota na asali, don da su ake karɓar izinin shigar da mota a bakin iyaka.

Ranar tafiya jikata ta leƙo ta tagar mota tana dariya. “Kaka, amarci za a sake ne?”

“Kishiya, ki dai tsare mini gida,” na ce. Rumfa kuwa na bar wa babbar 'yata, bayan na maimaita mata farashin kowane turmi har sau uku.

Muka bi ta Tema, muka haye kogin Volta a gadar Sogakope. Alhaji na tuƙi yana ba ni labarin watan Agustan 1974, lokacin da Ghana ta bar tuƙin hagu ta koma dama, yadda direbobi suka yi ta ɗar-ɗar kamar sababbin koyo. Na sha jin labarin, amma ban taɓa jin sa ina kujerar gaba, ba kaya a cinyata ba. A Aflao takardun mota suka ci mana fiye da awa ɗaya. Mai ƙetarawa da ƙafa bai san wannan jiran ba.

Laifin abin da ya biyo baya nawa ne. Muna shiga Lome na ce a tsaya Asigame in gaisa da abokan ciniki, minti goma kawai. Wanda ya san 'yar kasuwa ya san minti gomanta. Na taya wannan, na shafa wancan, na tambayi abin da ya shigo sabo. Sai da la'asar ta yi sanyi muka kama hanyar Kpalime, tafiyar kilomita kusan 120. Alhaji bai ce uffan ba.

Hanyar kan miƙe arewa maso yamma, gonakin rogo da kwakwar manja dama da hagu, har dutsen Agou ya bayyana, ɗaya daga cikin duwatsu mafi tsawo a Togo, mita 986. Magariba ta riske mu a cikin gari. Masaukin da aka kama mana kuwa yana can sama, kan hanyar da ta hau tudun Kloto, mai lanƙwasa kamar maciji, dutse a gefe ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Nan na lura Alhaji ya manna ƙirji da sitiyari, duk motar da ta hasko mu sai ya taka birki har mu kusa tsayawa. A wata kwana tayar baya ta sauka daga kwalta. Na yi salati. Ya ce, “Hajiya, karanta mini gefen hanya, ki riƙa faɗa mini.” Haka muka ƙarasa, ni ce idonsa.

Masaukin ɗakuna ne 'yan kaɗan masu rufin ciyawa a tsakiyar gonar kofi. Mai wurin dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ewe. Ni ba Faransanci, ita ba Turanci, amma ɗan Ewe ɗin da na tsinta a Makola ya fisshe mu. Da ta kawo zancen abinci, na tambaye ta wa ke yanka kajin. Ta gane nan take, ta sa yaro ya kamo zakara ya miƙa wa Alhaji da wuƙa. Muka ci da sakwara da miya mai yaji. Ta kawo buta da tabarma ba tare da mun roƙa ba, ta ce 'yan Zango kan zo sayen koko a wurinta, ta san halinsu. Koko na itace nake nufi, ba wanda muke sha da ƙosai a Maamobi ba.

Da dare sanyi ya sauko, irin wanda ba mu san shi a Ankara ba, kamar yadda iyayenmu ke kiran Accra. Ba janareta, ba hon ɗin trotro, sai kukan gyare. Na kasa barci. Wayata ba sabis, kuma tun da na mallaki rumfa ban taɓa kwana ban san cinikin ranar ba.

Da safe na ɗauki wayar na hau wani tudu bayan gonar, ina haki, ina ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa. Da ƙyar ta shiga. 'Yata ta ce, “Mama, lafiya lau. Na sayar da turmi goma sha ɗaya, na kuma karɓo bashin nan da kika haƙura da shi.” Maimakon in yi murna sai na ji wani abu ya tokare ni. Ashe rumfar na iya buɗewa ba ni.

Da na sauke wayar ne na ga inda nake tsaye. Hazo kwance a cikin kwari kamar audugar da aka shanya, ƙauyuka sun leƙo ta cikinsa, malam-buɗe-littafi kala-kala suna yawo a kan furanni. Wani shuɗi da baƙi ya sauka kusa da ƙafata, na ce a raina, da atamfa ce wannan da ba ta kwana a rumfa ba.

Yaron masaukin ya zagaya da mu Misahohe, inda Jamusawa suka yi mazauni lokacin da suke mulkin Togo, daga 1884 zuwa 1914. Tsofaffin gine-gine da kaburburansu na nan daji na cinye su. Su ne suka ja layin dogo daga Lome zuwa Kpalime a 1907 don kwashe amfanin gona. Bayan an ci su da yaƙi, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, kuma ɓangaren Ingila ya zaɓi haɗewa da Ghana a ƙuri'ar 1956. Shi ya sa mai masaukinmu take da 'yan uwa a Ho, harshe ɗaya, dangi ɗaya, kuɗi biyu. Mu 'yan Zango ba baƙin wannan labari ba ne.

Ranar Juma'a muka sauka Zangon Kpalime. Tun daga bakin layi na ji ƙamshin tsire da “sannu da zuwa”. Hausawa, Kotokoli, Zabarmawa, duk da Hausa ake ciniki. Wata tsohuwa mai goro ta tambaye ni me na kawo. Na ce ba komai. Me zan saya? Ba komai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “To, Allah ya ba ki lafiya.” A ganinta mai tafiya ba kaya, asibiti za shi.

Daren ƙarshe muna zaune a baranda, Alhaji ya ce, “Hajiya, shekara biyu ke nan ba na gani sosai da dare. Yana ce ta rufe mini ido. Na ɓoye ne don kada yara su karɓe makulli.”

Na yi shiru, sannan na faɗa masa nawa. Ina da shekara ashirin da ɗaya a watan Agustan 1979 lokacin da sojoji suka rushe Makola ta farko, wurin da yanzu ake kira Rawlings Park. Ina tsaye kusa da mahaifiyata tana kallon inda rumfarta take jiya. Ba ta sake miƙewa ba. A Janairun 2013 kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Lome, matan da nake sara a wurinsu, magadan Nana Benz, suka wayi gari da toka. Tun daga nan nake ganin in na juya baya kwana ɗaya, zan dawo in tarar da fili.

“Zamanki ne zai hana?” ya ce. “Mahaifiyarki ai tana wurin.”

Ba ni da amsa, don haka na yi abin da na iya: ciniki. Shi zai je a duba idon, ba kuma tuƙin dare. Ni zan bar wa 'yata rumfa ranar Litinin da Alhamis. Ya nemi kwana uku, na ce albarka. Muka tsaya a biyu.

Da hantsi muka kamo hanyar gida, muka ƙetara ta wajen Ho, muka haye gadar Adomi rana na tsaka. Wanda zai bi sawunmu, ya canji sefarsa tun a Aflao, ya tafi da rigar sanyi da maganinsa na kullum, ya tambayi masauki batun yanka tun kafin ya isa, kuma ya hau Kloto da sauran rana. In da 'yar kasuwa a motar, kada a bi da ita ta Asigame.

An yi wa Alhaji aikin ido ɗaya, saura ɗayan. Ni kuwa Litinin ɗin farko na cika alkawari har azahar, sannan na tsinci kaina a trotro mai zuwa Makola. 'Yata ta hango ni, ta jawo mini kujera, ta ce in zauna a matsayin baƙuwa. Na zauna. Wata mata ta taya turmi, na buɗe baki, na tuna baranda, na rufe. Yarinyar ta sayar da shi sama da yadda da ni ce zan sallama.